RUWAN SABARAR MALAM SA'ID

Shafi na 17

Da sunan Allah. Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, musamman ke baiwar Allah da kika rubuto cewa in wani abu ya sami Malam Sa'id ba za ki yafe min ba, ki yi haƙuri, rai ba a hannuna yake ba. Ku gyara zama. Mun tsaya ne inda Nasiba ta dawo daga ɗiban ruwa da hantsi ta tarar da mahaifinta a ƙasa.

*

Bokitin ya suɓuce daga kanta, ruwan ya malale a tsakar gida, ko waiwayarsa ba ta yi ba.

Malam Sa'id na kwance a gindin angareb ɗinsa na igiya, ƙarƙashin rumfa, ƙafa ɗaya a kan gadon, sauran jikin a ƙasa. Farar jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf da zufa. Yawu na zuba daga bakinsa ba ƙaƙƙautawa, matarsa Inna Fatsuma na durƙushe tana sharewa da gefen mayafinta, wani na sake zubowa.

"Yaba! Yaba!"

Bai amsa ba.

"Inna, mi yas same shi?"

"Ban sani ba, ya bitti, ɗiyata. Lahiya lau yat tashi. Ya sha sabarar shi, ya ci kisra loma biyu, sai yac ce cikin shi na murɗa. Na shiga in ɗauko mai jabanar gahawa, na hito na ishe shi haka."

Sabara.

Gaban Nasiba ya yanke ya faɗi. Da a ce Inna cewa ta yi maciji ya sare shi, da ya fi mata sauƙi.

Ta ɗaga kai ta hango matan maƙwabta sun fara leƙowa ta kan katanga.

"Don Allah wata ta ruga ta kira Yaya Mahadi! Ku ce shi amso boksin Lukman, motar kayan nan, shi zo hassa, yanzu-yanzu!"

Wata ta sauka da gudu. Sauran kam suka gyara tsayuwa, don kallo ba ya jiran gayyata.

Abin da ya sa sunan ganyen nan ya tsinka mata zuciya, ita ce ta shigo da shi gidan. Ba wai sabara baƙuwa ce ba. Kakanninsu da suka taso daga yamma kan hanyar Makka, suka yada zango a nan Jazira har zangon ya zama gida, sun tarar da ita a nan yadda suka baro ta a can, Larabawa na ce mata gubbesh. Ana sha don ciwon ciki, ana ba mai jego. Amma ba wanda ya ɗauke ta bakin komai sai da Nasiba ta je jami'a a Madani ta karanta haɗa magunguna, ta zaɓi sabara a binciken kammalawa.

A ɗakin gwaji akwai wani ruwa mai launin shunayya. In ka ɗiga masa ruwan ganyen da ke da ƙarfin kare jiki, sai launin ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa. Da ta ɗiga na sabara, kafin ta ajiye kwalbar ya koɗe. Murna ta sa ta ɗauki abin a waya, ta zo hutu ta nuna wa mahaifinta.

"Yaba, ka ga yadda hauya ke tsatsa in an bar ta cikin ruwa? To jikin mutum ma yana da irin tashi tsatsar daga ciki. Ganyen nan akwai abin da ke rage ta."

Ta ƙara da cewa, "Amma fa cikin kwalba muka gani, ba mu gwada ga mutum ba."

Ina! Uban da ke alfahari da ɗiyarsa kunne ɗaya gare shi. Rabin farko ya ji, rabin ƙarshe ya bi iska. Ya sa ta tura masa hoton, ya nuna a ƙofar masallaci, ya nuna a wurin mai shayi a kasuwar Wad Haddad, ya nuna wa masu cirar auduga a gonarsa, har yaran gari suka haddace. Tun daga lokacin kullum sai ya sha kofi da safe, kofi bayan la'asar, yana cewa maganin tsatsa ne na diktora Nasiba. Watanni yana sha ba abin da ya same shi, ita ma ta ƙyale shi, don ta san ganyen ba ya cutarwa, kuma gaskiya sunan diktorar yana mata daɗi.

Yau ga shi a ƙasa.

"Ku ba ni wuri!"

Muryar Ammi Abdulmuttalib ce, yayan Malam Sa'id, wanda tun ranar da aka ce Nasiba za ta jami'a ya ce ba da yawunsa ba. Ya shigo yana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da ƙwaryar madara, yana tafiya madarar na tangaɗi.

Ya dubi ƙaninsa. Leɓensa ya yi rawa, don duk faɗansa yana son Sa'id. Sai tsoron ya juye ya zama fushi, ya sauke shi a kan wadda ta fi kusa.

"To diktora. Ga aikinki ya yi kyau."

"Ammi..."

"Kar ki ce mani Ammi! Ba ke kinka ce mai shi sha ba? Ba ke kinka nuna mai ruwa na canza kala cikin talho ba? Tun kakanninmu ana shan sabara in ciki ya ɓaci, a aje. Wa yat taɓa maida ta ruwan sha sahe da marece in ba ke ba?"

"Ni ban ce shi sha kullum ba."

"Kin hana shi?"

Ba ta hana ba.

Daga kan katanga wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Ai dama an ce abin da anka yi a jami'a ba sabarar da munka sani ba ta."

Nasiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In mahaifinta ya mutu yau, har abada a garin nan sunanta wadda ta kashe ubanta da karatu. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi firgita ta shi ne wata ƙaramar murya a cikinta da ke cewa, in kuma gaskiya suka faɗa fa?

Ta durƙusa ta ɗaga fatar idonsa.

Baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Ta duba ɗayan, haka yake. A inuwar rumfa suke, bai kamata ya tsuke haka ba.

Ta dubi kumatunsa. Naman na motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata, nan ya harba, can ya harba. Hawaye na bin gefen idonsa alhali ba kuka yake ba. Ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ji ƙurr, ƙurr, kamar tukunya ta fara tafasa. Ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar na bugawa a hankali, tana jira tsakanin bugu da bugu har sai ta ji nata numfashin ya ɗauke.

Ta sunkuya kusa da bakinsa ta shaƙa. Ɗacin sabara na nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari, tafarnuwa-tafarnuwa, kananzir-kananzir. Duk wanda ya tashi a ƙasar auduga ya san warin nan, shi ke cika gari duk lokacin feshi.

"Wannan ba sabara ba ce," ta ce. "Mubid ne. Maganin ƙwarin auduga ne ya shiga cikin shi."

Ammi ya yi wata dariya mai ciwo.

"Ji min yarinya! Mutumin da gwiwa ta hana shi leƙa hawasha, gonar tashi, tun Juma'a? Ina yag ga mubid? Cikin mafarki? Ki kauce in ba shi madara, ita ka kashe dahi."

"La, a'a, Ammi. Kar ka ba shi."

"Shinu? Mi kinka ce?"

"Ba ya iya haɗiya. Ƙirjin shi cike yake da ruwa. In ka zuba mai, huhu za ta, ta shaƙe shi nan take."

"Fatsuma, riƙe mani kan shi."

Inna ta dubi yayan mijinta, ta dubi ɗiyarta. Mace ce da ba ta taɓa musa wa dangin miji ba. Ta miƙa hannu ta tallabo kan Malam Sa'id.

Ammi ya durƙusa da ƙyar, ya kai ƙwaryar bakin ƙaninsa.

Nasiba ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Ƙwaryar ta yi sama ta kife, madarar ta wanke gaban jallabiyar Ammi.

Har matan katanga suka riƙe baki.

Ammi ya miƙe a hankali, ya ɗaga sandarsa.

"Ni? Ni kinka kaɓe ma ƙwarya? Gaban mata?"

"Ka buge ni, Ammi. Wallahi ka buge ni, ba zan kauce ba. Amma ka bari in juya shi tukuna."

Ba ta jira amsa ba. Ta juyar da mahaifinta kan gefensa, ta karkatar da bakinsa ƙasa, yawun ya kwararo. Ta yage wuyan jallabiyar da ta ɓaci da amai ta zare ta. Bayanta a buɗe yake ga sandar, tana jiran saukarta, ba ta sauka ba.

"Inna," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ina kika ciro ganyen nan?"

"Inda nika cirowa kullum. Tudun bayan maƙabarta."

"Ba bakin tur'a, magudanar gonaki, ba? Ba kusa da auduga ba?"

"Wallahi a'a. Ke kinka ce kar a ciro kusa da gona, ban taɓa ba."

"A wace tukunya kika dafa?"

"Baƙar nan tawa. Ita dai."

"Da wane ruwa?"

"Na zir, randar nan, wanda duk munka sha."

Nasiba ta runtse ido. Ganye ɗaya, tukunya ɗaya, ruwa ɗaya. To ta ina?

"Bayan kin dafa, a ina kike ajiyewa?"

Inna ta kau da kai.

Nasiba ta ɗago.

"Inna?"

"Cikin... cikin tulu."

"Ina tulun?"

Inna ta ci gaba da share bakin mijinta, wurin da ta riga ta share.

"Inna, don girman Allah ki dube ni. Ina tulun?"

"Ya hwashe. Akuya ta ture shi shekaranjiya."

"To a me kika zuba?"

Idon Inna ya tafi wajen randar ruwa da ke jingine a kusurwa, ya dawo da sauri. Wannan kallon ya isa.

Nasiba ta miƙe. A bayan randar, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi, akwai wata shuɗiyar jarka mai kauri, sabuwa fil, ba irin ta kasuwa ba. An kankare takardar jikinta da wuƙa. Amma a kafaɗarta, inda wuƙar ba ta kai ba, akwai guntun jan layi da rabin hoton ƙoƙon kan mutum.

Ta buɗe murfin. Warin ya bugi hancinta har sai da ta kau da kai.

Ta ɗauko ta ta dire a tsakiyar gida.

"Sajami, wayyo!" wata ta yi kururuwa daga katanga. "Jarkanar mubid ta!"

Inna ta saki kan mijinta ta rarrafo, ta riƙe ƙafar Nasiba.

"Na wanke ta! Wallahil azim na wanke ta! Sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ban rage ko ɗaya ba, ina ƙirgawa da yatsuna. Na shanya ta ga rana wuni guda."

"Inna..."

"Ƙwaryar da kare yal lasa ma haka aka yi mata ta tsarkaka! Kare fa! Mi yah hi kare ƙazanta? Na ce in wanki bakwai ya isa ma kare, to ya isa ma wagga."

Nasiba ta so ta yi ihu, ta so ta rungume ta. Matar nan ba sakaci ta yi ba. Iyakar tsarkin da ta sani a duniya shi ta yi wa jarkar, ta yi shi kuma da tsoron Allah.

"Inna, najasa daban, guba daban. Robar ta sha shi, yana cikin jikinta. Da zafinsa kika zuba ruwan?"

Inna ta gyaɗa kai. "Daga wuta. Don kar ƙura ta shiga."

"Zafin ne ya jawo shi waje."

"Ni na kashe shi ke nan?"

"Bai mutu ba! Kar ki ƙara faɗin haka, bai mutu ba!"

Ammi Abdulmuttalib ya sauke sandarsa tun ɗazu. Yana kallon jarkar yana haɗiyar yawu, don shi ma akwai 'yar'uwarta a bayan ɗakinsa, da ita yake ɗiban ruwan alwala. Rabin gidajen garin akwai irinta, matan katangar ma sai ga su suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta nufi gidanta da sauri.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mahadi ya faɗo, babban ɗan Malam Sa'id, da kayan feshi a jikinsa, don daga gona aka kirawo shi.

"Yaba! Mi yaf faru? Nasiba, mi..."

Idonsa ya sauka kan jarkar.

"Kai ka kawo ta," in ji Nasiba. Ba tambaya ba ce.

"Inna tac ce tulunta ya hwashe... an ce mu huda jarkunan mu rufe cikin rami, amma kowa na ɗauka, ya Nasiba, kowa! Sun hi na kasuwa ƙarhi. Na ce mata ta wanke ƙwarai..."

"Halas! Ba yanzu ba. Ɗauki kafaɗunshi. Ammi, kama ƙafa."

Abin mamaki, Ammi ya kama.

Suka shimfiɗa shi a bayan boksin kan tabarma. Nasiba ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, a karkace. Ta sa Mahadi ya ɗaure jarkar a can kusurwa.

"Mi za ki yi da ita kuma?" in ji shi.

"Likita na buƙatar ganin ko wane iri ne. Akwai allurar da ke karya shi, atrobin, in mun isa da wuri. Mustashfa, asibitin Wad Haddad, kuma kar ka tsaya ma kowa."

"In ba mu isa da wuri ba fa?"

"Ja mota, Yaya."

Inna ta hau ba takalmi, ta zauna wajen ƙafafun mijinta ta riƙe su. Ammi ya shiga gaba.

Hanyar ta bi gefen tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki. An saki ruwa kwanan nan, baƙar ƙasar ta zama taɓo mai kama taya. Motar na zillo, tana gurnani, tana tafiya. Dama da hagu auduga ce kore shar har iyakar gani, warin feshi na tashi daga cikinta.

Nasiba ta naɗe yatsanta da gefen mayafi tana kwashe yawun daga bakinsa. Ɗaya hannun na kan jijiyarsa. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron wanda ya san daidai abin da ke faruwa a cikin jikin da yake riƙe da shi kuma ba shi da komai a hannu sai gefen mayafi.

"Yaba, kana jina? Ni ce, Nasiba. Ka yi numfashi. Mun kusa."

Ba su kusa ba.

Yatsunsa suka motsa, suka lalubo wuyan hannunta suka riƙe. Riƙon ba ƙarfi, amma riƙo ne.

"Yana ji! Inna, yana ji!"

Inna ba ta ɗago ba. Ya Latif, ya Latif kawai take maimaitawa.

Sai motar ta rage gudu. Mahadi ya zuge ƙaramar tagar da ke bayan kansa, ya juyo da rabin fuska. Fuskar ta yi fari kamar an shafa mata toka.

"Inna."

Inna ta ci gaba da Ya Latif ɗinta.

"Inna, biyu na kawo miki. Ina gudar?"

Ya Latif ɗin ya tsaya cak.

Nasiba ta dubi mahaifiyarta. Ta ga idanunta sun buɗe a hankali, bakinta ya buɗe, hannayenta sun saki ƙafafun Malam sun hau kanta.

"Huda..."

Huda ƙanwar Nasiba ce, autar gidan, tana aure a wani kambo na ma'aikatan gona can hayin tur'a. Kwananta huɗu da haihuwar fari.

"Huda ta yi me, Inna?"

"Nononta bai zo ba. Jinjirin na kuka dare da rana. Tahir mijinta yaz zo bayan asuba, na cika mai gudar da sabara, ya aza ga jaki. Na ce in ta hito wankan hantsi ta sha kofi biyu da ɗumi, nono shi zo."

"Innalillahi," in ji Ammi daga gaba.

Nasiba ta ɗaga kai ta dubi rana. Hantsi ya yi. Yanzu haka ana can ana sauke ruwan wankan jego daga wuta.

Ta zaro waya da hannu ɗaya, ta nemo lambar Tahir. A kashe. Ta nemo ta Huda. Ba ta shiga. Ta sake. Ta sake.

"Ma fi shabaka, babu sabis can," in ji Mahadi. "Sai sun hau kan tudun tur'a suke samu. Kin sani."

Ta sani.

Motar ta tsaya. Sun iso kubri, gadar da hanya ta rabu biyu. Dama ta miƙe zuwa kwalta, zuwa Wad Haddad da asibiti. Hagu ta haye ruwa ta shiga cikin gonaki, hanyar taɓo zalla, zuwa kambon su Huda.

"Don mi kat tsaya?" Ammi ya daka masa tsawa. Sai shi ma ya gane.

"Nasiba," in ji Mahadi. "Ina za ni?"

"Mu je kambo mu dawo, zai ɗauki yaya?"

"Da taɓon ga? In ba mu kahe ba ma, sai rana ta take tsaka."

Ta dubi ƙirjin mahaifinta. Tafasar ta ƙaru. Leɓensa ya fara yin baƙi. Ba zai kai rana tsaka ba, wannan ko ba ta je jami'a ba ta gani.

"Wani ya sauka ya ruga," ta ce.

"Wa?" in ji Mahadi. "Ni kaɗai ka tuƙi. Ammi ko masallaci da sanda shika zuwa. Ke in kin sake kan Yaba shi shaƙe."

Suka duba gaba, suka duba baya. Ba babur, ba amalanke, ba ko mai jaki. Kowa na cikin gona.

Riƙon da ke wuyan hannunta ya ƙara ƙarfi.

Ta sunkuya. Malam Sa'id ya buɗe ido, waɗannan tsukakkun idanun, yana neman fuskarta. Ashe duk yana ji.

"Yaba, kar ka yi magana."

Leɓensa ya motsa. Ta kai kunnenta.

"Hu... da."

"Za mu aika, Yaba. Kai dai..."

"Hagu." Ya yi tari, kumfa ta fito, ta share. "Ni... na ci... zamanina. Ku tai... ga ɗiyata."

Mahadi ya ji. Ammi ya ji. Tsohon ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Kin ji abin da yac ce," in ji Mahadi yana kuka a fili, hannunsa ya fara karkata sitiyari. "Umarnin shi na."

Tunda Nasiba ta yi wayo ba ta taɓa tsallake maganar mahaifinta ba. Shi ya tsaya mata gaban dangi lokacin da kowa ya ce ta zauna gida. Ta tuno Huda da jinjirin da ko suna ba a raɗa masa ba. Huda wataƙila ta sha, wataƙila ba ta sha ba. Kofi biyu ne a jikin yarinya mai ƙarfi. Shi kuwa tun jiya yake shan na jarkar, ga shi yana nutsewa a cinyarta. Lissafin a fili yake, amma zuciyarta kamar ana yanka ta da wuƙa marar kaifi.

"Dama," ta ce.

"Nasiba!"

"Na ce dama, Yaya! In akwai alhaki a wuyana yake. Yaba, ka yafe min, ba zan bi maganarka ba yau."

Idanun Malam Sa'id suka tsaya a kanta. Ba ta iya karanta abin da ke cikinsu ba.

Mahadi ya buga goshinsa a sitiyari, ya sa giya. Motar ta yunƙura.

Sai suka ji dim!

Inna Fatsuma ce ta dira daga bayan motar. Ta faɗi kan gwiwoyinta a taɓo, ta miƙe, ta tattare mayafinta ta ɗaure a ƙugu.

"Inna! Inna, ba za ki iya ba, da nisa!"

"Ni na cika ta, ni za ni zubda ta!" Ko juyowa ba ta yi ba. "Ku tai da shi! In kun tsaya mani ban yahe ba!"

Ta haye gadar da gudu, macen da hawan jini ke sa ta hutawa tsakanin ɗaki da madafa, ƙafa ba takalmi, tana zamewa tana tashi.

Motar ta karkata dama ta ɗauki hanya. Nasiba na kallon mahaifiyarta tana ƙanƙancewa a kan tudun tur'a, har auduga ta shanye ta, hawaye sun hana ta gani sosai.

"Ka gani, Yaba? Inna ta tafi. Za ta isa. Huda ba za ta sha ba, in sha Allah. Ka ji? Yanzu saura kai."

Ta sunkuyo don ta ga ko ya ji.

Yatsun da ke riƙe da wuyan hannunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, hannun ya zame ya faɗi kan tabarma.

"Yaba?"